Yadda Ake Ɗaukar Samfur Daga Majinyacin da Ake Zargin Ya Haɗu da Ƙwayar Cuta ta Makami

A ranar 2 ga Oktoba 2001 aka kai wani mutum mai shekara 63 wani asibiti a jihar Fulorida ta Amurka da zazzaɓi da amai da ruɗewar hankali, kuma abin da ya fara zuwa ran likitoci shi ne sanƙarau. Da aka tsiyayi ruwan lakarsa aka rina shi aka duba a madubin likita, sai aka ga manyan ƙwayoyin bakteriya masu siffar sanda sun jeru suna bin juna kamar gaɓoɓin gora, abin da ba a saba gani a sanƙarau ba. Likitan da ya duba ya yi zargin antaraks, wato cutar saifa da makiyaya suka sani a jikin dabbobi, aka aika samfurin ɗakin gwajin jihar, aka tabbatar ranar 4 ga wata, mutumin ya rasu washegari. Da wannan samfur guda aka fara gano harin da aka kai ta hanyar wasiƙu, wanda ya kama mutum 22, biyar daga cikinsu suka mutu. Abin lura a nan shi ne, asibiti ne na yau da kullum, da samfur irin wanda ake ɗauka kullum, suka bankaɗo lamarin. Saboda haka wannan jagora ta ma'aikacin lafiya ce da ke bakin gadon majinyaci: likita, ma'aikacin jinya, da mai ɗibar jini.

Cututtukan da ake magana a kansu su ne antaraks, da fileg wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, da tularemiya wadda ake ɗauka daga namun daji irin su zomo, da agana, da botulizim wanda guba ce mai shanye jiki, da zazzaɓi masu sa zubar jini irin su Ebola da Marbug da Lassa, sai kuma burusela wadda ake ɗauka daga dabbobin kiwo, da risin, wata guba da ake samu daga tsiro. Yawancinsu suna aukuwa da kansu ba tare da hannun kowa ba, kuma yadda ake ɗaukar samfurin bai canza ba ko an sake su da gangan ko kuwa daga dabba suka zo. Bambancin da zargin ganganci yake kawowa shi ne, samfurin ya zama shaida a gaban shari'a ƙari a kan kasancewarsa abin gwaji.

Mataki na farko: gane wanda ke gabanka

Mutum iri biyu ne suke zuwa asibiti bayan an yi zargin sakin ƙwayar cuta da gangan, kuma kuskure ne a yi musu abu ɗaya. Akwai wanda ya ce ya buɗe ambulan wata hoda ta zubo masa, ko yana wurin da aka fesa wani abu, amma lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma wanda rashin lafiya ya riga ya kama. Na farkon ba jininsa ake buƙata ba, domin babu gwajin jinin da zai nuna cutar da ba ta fara ba. Abin da yake buƙata shi ne a cire kayan jikinsa a hankali ba tare da an kaɗa su ba, a sa su a leda a ɗaure, a ƙara wata ledar a kai, a rubuta sunansa da lokaci, sannan ya yi wanka da sabulu da ruwa mai yawa. Ba a zuba masa ruwan kulorin a jiki, domin yana ƙona fata ba tare da ya fi sabulu amfani ba. Daga nan hukumar lafiya ce za ta yanke ko za a ba shi maganin kariya, wanda a antaraks yakan kai kwana 60 na sifurofuloksasin ko doksisaikilin.

Mutane da dama sukan nemi a goge musu cikin hanci da tsinken auduga don a gaya musu ko sun shaƙi ƙwayar. Wannan gwaji yana da amfani ga masu binciken annoba da ke son sanin iyakar wurin da abin ya bazu, amma ba ya faɗin komai game da mutum guda. Wanda ba a ga komai a hancinsa ba yana iya kasancewa ya shaƙa har cikin huhu, don haka ba a dakatar da maganin kariya saboda sakamakon hanci, kuma ya kamata a bayyana wa mutum haka tun kafin a taɓa shi.

Hodar kanta, da ambulan, da tufafin, ba kayan asibiti ba ne. Ko da majinyaci ko ɗan uwansa ya riƙo su a hannu, kada a shigar da su ɗakin gwajin asibiti, kada a buɗe, kada a sansana. A bar su a rufe a wuri guda, a hana shiga wurin, a kira jami'an tsaro da hukumar lafiya su zo su ɗauka. Ɗakin gwajin da aka gurɓata da hoda zai rufe a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Mataki na biyu: a yi waya kafin a ɗauki allura

A ganina wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo ɓarna. Kafin a ɗebi komai, a sanar da mai kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin, da hukumar lafiya ta yankin, da kuma shugaban ɗakin gwaji, a gaya musu sunan cutar da ake zargi ƙarara. Hukumar lafiya ce ta san wane ɗakin gwaji ne zai iya tabbatar da sakamako, da irin kwalbar da yake karɓa, da wanda zai yi jigila. Ƙa'idojin Lafiya na Duniya na 2005 sun wajabta wa ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 bayan ta tantance lamarin da zai iya zama barazana ga sauran ƙasashe, kuma mutum ɗaya tak mai agana ya isa a yi wannan sanarwa.

Dalilin gaya wa ɗakin gwaji ya fi wannan kusa. Ma'aikacin da bai san abin da ke cikin kwalba ba zai buɗe farantin da ƙwayar ta tsiro a kan tebur, ya kusanto da fuskarsa, wataƙila ma ya sansana kamar yadda wasu tsofaffin ma'aikata suka saba. Burusela tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji a duniya ta wannan hanya, tularemiya ma haka, alhali dukansu biyu kusan ba sa tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinyarsa. Bayan haka, injunan da ke tantance bakteriya da kansu sukan ba ƙwayar fileg ko tularemiya sunan wata ƙwaya dabam, kuma ƙwayar antaraks tana da 'yan uwa marasa illa da ake yawan gani a matsayin datti, har mai gwaji ya iya jefar da farantin idan ba a faɗakar da shi ba. Rubutu a takarda bai wadatar ba, sai an yi magana baki da baki an kuma rubuta sunan wanda aka gaya wa.

Mataki na uku: kariyar mai ɗauka

Kayan kariya suna bin yadda cutar ke yaɗuwa. Antaraks na huhu, da tularemiya, da botulizim, da risin ba sa tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka safar hannu da riga da kariyar ido idan ana tsoron fantsama sun isa, sai dai a kiyayi ruwan miki a antaraks na fata. Fileg na huhu yana bin tari, saboda haka ana sa takunkumi da tabarau da riga, a ware majinyacin har sai ya cika awa 48 yana shan maganin da ya dace kuma ya fara samun sauƙi. Agana tana bin iska da taɓawa, don haka ana buƙatar takunkumi mai tace iska irin N95 wanda aka gwada ya zauna a fuska, da ɗaki na musamman, kuma an fi so mai ɗaukar samfurin ya zama wanda aka yi wa rigakafi. Ebola da danginta kuwa suna buƙatar rufe jiki gaba ɗaya da rigar da ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu biyu, da takalmin roba, da kariyar fuska. Duk aikin da zai tayar da feshi, kamar zuƙo majina daga maƙogwaro ko sa mutum ya yi tari da gangan, yana ɗaga matakin kariya zuwa takunkumi mai tace iska ko da wace cuta ce ake zargi. Idan ba a san ko wace ce ba, a ɗauki mafi tsanani har sai an sani.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana taɓa majinyaci, ɗayan yana tsaye a bakin ƙofa da hannu mai tsabta yana riƙe da buɗaɗɗen mazubi, yana kuma kallon abokinsa lokacin cire kaya, domin a wajen cirewa ne aka fi gurɓata, sa'ad da mutum ya gaji, zufa ta cika masa ido, hannu ya nufi fuska da kansa. Wani abin da ake mantawa shi ne sifirit ba ya kashe ƙwayar antaraks idan ta shiga ɓawonta, don haka a wannan yanayi wanke hannu da sabulu da ruwa ake yi, a goge tebur da ƙarfen gado da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari a bar shi ya jima kafin a share.

Mataki na huɗu: haɗa kaya a waje

Duk abin da za a buƙata a jera shi a faranti kafin a shiga ɗakin, domin wanda ya sa kayan kariya ba zai fita neman abin da ya manta ba, kuma abin da ya shiga ɗakin ba ya komawa kabad. A rubuta sunan majinyaci da lambarsa da kwanan wata a jikin kowace kwalba tun a waje, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Kwalaben su zama na roba masu murfin murɗawa, saboda gilashi yana fashewa. Tsinken gogewa ya zama mai kan zaren roba irin dakron ko rayon da sandar roba, domin mai sandar katako da mai sinadarin kalsiyam aljinet suna iya hana gwajin PCR aiki, wato gwajin da ke gano cuta ta hanyar ƙwayar halittarta. Akwatin jefa allura ya kasance a inda hannu zai kai ba tare da an juya ba. Takardar neman gwaji kuwa tana zama a waje, ba ta shiga ɗakin.

A yi wa majinyaci bayanin abin da za a yi masa da dalilinsa, a nemi yardarsa. Mutumin da ya ga an shigo masa a rufe ruf yakan firgita, kuma wanda ya firgita shi ne ke fizge hannu allura tana ciki.

Mataki na biyar: jini

Kusan duk majinyacin da ke da zazzaɓi za a ɗebi jininsa, kuma ƙa'idar ita ce a ɗiba kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayar antaraks tana tsirowa da sauri a kwalbar renon jini, wato wadda ake zuba jini a ciki don ƙwayar cuta ta hayayyafa a gane ta, sau da yawa cikin ƙasa da awa 24, amma allurar magani guda ɗaya tana iya sa kwalbar ta fito babu komai. Sai dai wannan ƙa'ida tana da iyaka: mintuna ake ba ɗibar jini, kuma idan za ta ɗauki lokaci mai tsawo, a ba da magani a ɗiba daga baya a rubuta lokacin da aka ba da shi. A fileg na huhu, jinkirin magani fiye da kwana ɗaya bayan alamu sun bayyana yana kusan daidai da rasa majinyacin, kuma ba a sayen samfur mai kyau da ran mutum.

A ɗaure hannu, a nemo jijiya, a goge wurin da kulohekzidin ko ayodin a bar shi ya bushe da kansa, kada a sake taɓa shi da yatsa. A goge bakin kwalaben reno da sifirit. Su ake fara cikawa, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, yaro kuma gwargwadon nauyinsa, kuma a ɗauki jeri biyu daga wurare biyu dabam don a iya bambanta ƙwayar cuta da dattin fata. Bayan su sai kwalbar da ake barin jini ya daskare a cikinta don samun ruwan jini, sannan mai sinadarin EDTA, wadda aka fi sani da shunayyen murfi, don gwajin PCR. Kwalba mai hefarin, wani sinadarin hana jini daskarewa, ba ta dace da PCR ba. Ba a mayar da murfin allura, ba a cire ta daga sirinji da hannu, ana jefa ta a akwati nan take.

Ruwan jinin da aka ɗauka a kwanakin farko shi kaɗai ba ya cika faɗin komai, domin jiki bai riga ya ƙera garkuwa ba. Amfaninsa yana fitowa ne idan aka ɗauki na biyu bayan mako biyu zuwa huɗu aka kwatanta su, aka ga garkuwar ta ninka sau huɗu ko fiye. Saboda haka a ajiye na farkon da kyau, a kuma rubuta wa majinyaci ranar dawowa tun kafin a sallame shi.

Idan Ebola ko Marbug ko Lassa ake zargi, lissafin ya juya. A nan kowace allura haɗari ce, don haka a taƙaita ɗiba ga abin da ya zama dole: mililita 4 zuwa 5 a kwalbar roba mai EDTA. Ba a buɗe ta, ba a juya ta a injin tace jini a ɗakin gwaji na yau da kullum. Idan sakamakon Ebola ya fito babu, alhali ba a cika awa 72 da fara alamu ba, majinyacin yana nan a ware har sai an sake ɗauka an sake gwadawa.

Mataki na shida: samfurin da alamun cuta suka nuna

Miki a fata. Antaraks na fata yana farawa kamar cizon ƙwaro mai ƙaiƙayi, ya zama ƙurji mai ruwa, sannan ya bushe ya yi baƙin ɓawo a tsakiya da kumburi mai yawa a kewaye, kuma abin mamaki ba ya ciwo. Idan yana matakin ruwa, a ɓula ƙurjin da ba a taɓa buɗewa ba a jiƙa tsinke biyu da ruwan, ɗaya don reno da rini, ɗaya don PCR. Idan ya yi ɓawo, kada a ɓamɓare shi. A ɗaga gefensa kaɗan, a zura tsinke a ƙarƙashi, a murza na 'yan daƙiƙu, domin a can ƙwayar take, saman ɓawon kuwa dattin fata ne kawai. Idan an riga an fara magani, likita ya yanki ɗan ƙaramin naman fata daga bakin mikin, guda a sa a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, guda a bar shi ɗanye a kwalba mai tsabta. A tularemiya ma bakin gyambon da ke ci gaba ake gogewa ko kankarewa.

Ciwon ƙirji. A fileg da tularemiya na huhu, kaki na gaskiya daga ƙasan ƙirji ake nema, ba miyau ba, a kwalba mai faɗin baki da murfin murɗawa, kuma kakin mai fileg yakan zo da jini. Antaraks na huhu ya sha bamban, domin ƙwayar tana wucewa zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, shi ya sa hoton ƙirji ke nuna tsakiyar ta yi faɗi, kaki kuma ba ya cika nuna komai. A nan jini da ruwan da ya taru a kewayen huhu su ne samfur masu daraja, kuma wannan ruwan yakan ci gaba da nuna alamar ƙwayar a PCR ko bayan an fara magani. Duk mai antaraks da ya nuna ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa, a ɗebi ruwan lakarsa idan babu abin da ya hana, kuma kada a yi mamaki idan ya fito da jini.

Kumburin kaluluwa. A fileg, kaluluwar matsematsi ko hammata ko wuya tana kumbura da zafi mai tsanani, har majinyaci ya ƙi a taɓa. A goge fatar, a ɗauki sirinji mai mililita 10 da allura mai kauri, a zuƙi mililita ɗaya na ruwan gishirin asibiti mai tsabta, a soka cikin kumburin, a tura ruwan sannan a zuƙo shi, a maimaita har ya dawo da launin jini ko mugunya. Sau da yawa ɗigo kaɗan ake samu, kuma ya isa. Idan tafiya tana da nisa, a jiƙa tsinke da shi a sa a sinadarin jigila na Cary-Blair. Ba a tsaga kumburin don neman samfur. Da irin wannan ruwa da kaki aka yi aiki a annobar Madagaska ta 2017, inda aka yi amfani da gwajin gaggawa mai gano sinadarin F1 na ƙwayar tun a bakin gado.

Shanyewar jiki. Mutumin da fatar idonsa ta faɗi, yana ganin abu biyu-biyu, maganarsa ta lauye, haɗiya ta gagara, raunin yana saukowa daga kai zuwa ƙasa, ba zazzaɓi kuma hankalinsa garau, botulizim ake zargi. Guba ake nema a nan, don haka a ɗebi jinin da zai ba da ruwan jini mililita 10 ko kusa da haka kafin a ba da makarin gubar, domin makarin yana share ta daga jini. A ɗauki bayan gida kimanin giram 25, kuma da yake irin wannan majinyaci cikinsa yakan ƙulle, ana iya yi masa ɗurin ruwa mai tsabta kaɗan a tara abin da ya fito. A haɗa da amai ko ruwan ciki. Duka a sanyaya su a firji ba tare da an daskarar ba, a rubuta jerin magungunan da yake sha saboda wasunsu suna rikita gwajin. Sakamako yana ɗaukar kwanaki, don haka ba a jiransa kafin a ba da makari.

Ƙuraje a duk jiki. An ayyana kawar da agana daga duniya a 1980, bayan mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwarta ta asali cikin jama'a a Somaliya a 1977 da kuma wadda ta rasu sanadin ɗakin gwaji a Bamingham ta Ingila a 1978, don haka kusan babu ma'aikacin lafiya a yau da ya taɓa ganinta. Abin da ke bambanta ta da ƙarambau shi ne zazzaɓi mai zafi yana riga ƙuraje da kwana ɗaya zuwa huɗu, ƙurajen suna da zurfi da tauri, sun fi yawa a fuska da hannu da ƙafa har tafi, kuma waɗanda ke wuri guda duk suna mataki ɗaya. Idan hoton ya yi kama da haka, a rufe ƙofa a kira hukuma kafin a taɓa ƙurji ko ɗaya, domin ita za ta turo wanda zai ɗauka. Abin da ake ɗauka shi ne rufin ƙurji, da ruwansa a busasshen tsinke, da ɓawo, kowanne a busasshiyar kwalbar roba. Ƙyandar biri tana kama da ita ƙwarai, sai dai ta fi kumbura kaluluwa.

Risin kuwa fitsari ake tarawa da wuri, cikin kwana biyun farko, domin a nemi sinadarin risinin da ke nuna an haɗu da ita.

Mataki na bakwai: ajiya da jigila

Mai ɗauka ya goge bayan kowace kwalba da kulorin ba tare da ya share rubutun ba, ya saka ta cikin mazubin da abokinsa ke riƙe da shi ba tare da safarsa ta taɓa bakin mazubin ba. A kai ɗakin gwaji da hannu, a miƙa wa mutum, kada a tura ta bututun iska da wasu asibitoci ke aika samfur da shi, kada kuma a ajiye a kan kanta a tafi.

Kwalaben renon jini ba sa shiga firji ko kaɗan, haka ma ruwan lakar da za a rena. Jini mai EDTA, da ruwan jini, da kaki, da tsinken da zai jima kafin a gwada, ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas. Ruwan jinin da zai jira na biyunsa a raba shi da gudan jinin a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, ɗanyen nama kuma a 70 ƙasa da sifili idan akwai hali. Naman da ke cikin fomalin yana zama a zafin ɗaki, daskarewa tana lalata shi. Narkewa da sake daskarewa suna kashe samfur, don haka inda wuta ba ta tsayawa gara akwatin sanyi da ake lura da shi a kan firjin da ake zaton yana aiki.

Jigila zuwa wani gari ko wata ƙasa tana bin tsarin rufi uku: kwalbar farko da ba ta yoyo, a naɗe da abin da zai iya shanye duk ruwan da ke cikinta, sai mazubi na biyu mai ƙarfi da shi ma ba ya yoyo, sai kwali na waje mai tauri. Takardu suna zama tsakanin na biyu da na waje a cikin leda. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya sun kasa irin wannan kaya biyu. Rukunin A, mai lamba UN2814, ya ƙunshi duk samfurin da ake zargin yana da Ebola ko Marbug ko Lassa ko agana, da kuma ƙwayar antaraks ko fileg ko tularemiya ko burusela da aka riga aka rena, kuma wanda ya samu horo da shaida ne kaɗai ke haɗa shi. Rukunin B, mai lamba UN3373, ya ƙunshi yawancin sauran samfuran majinyata. Idan an sa busasshiyar ƙanƙara, mai lamba UN1845, a zuba ta a wajen mazubi na biyu, kwalin waje kuma ya zama mai fitar da iska, domin tana komawa hayaƙi kuma za ta fasa duk abin da aka toshe ta a ciki. A kira masu karɓa a gaya musu lokacin isowa kafin kaya su tashi.

Takardar neman gwajin ta ƙunshi ranar da ake zaton an haɗu da abin, da ranar fara alamu, da lokacin ɗauka, da sashen jikin da aka ɗauka, da magani ko rigakafin da aka bayar da lokacinsa, da sana'ar majinyaci, da tafiye-tafiyensa, da hulɗarsa da dabbobi. Mai fiɗar dabba da ya zo da baƙin miki a hannu labarinsa dabam ne da na ma'aikacin gidan waya da ya zo da irinsa.

Mataki na takwas: shaida, gawa, da ma'aikata

Inda ake zargin ganganci, kowane samfur yana tafiya da takardar da ke nuna hannun da ya bi: wanda ya ɗauka, wanda ya karɓa, rana da lokaci, da sa hannun kowannensu, a kuma manne murfin da tef ɗin da ke nuna idan an buɗe. Giɓi guda a wannan jeri ya isa lauya ya rushe shaidar. Kada a zubar da ragowar samfur ko ƙwayar da aka rena sai da izinin hukuma. A 1984 mutum 751 suka kamu da salmonela a garin The Dalles na jihar Oregon ta Amurka bayan cin abinci a gidajen abinci, aka fara ɗaukar abin a matsayin gurɓacewar abinci ta yau da kullum, sai bayan shekara guda aka gano cewa 'yan wata ƙungiya ne suka zuba ƙwayar da gangan, kuma kwatanta ƙwayar majinyatan da wadda aka samu a wurin ƙungiyar yana cikin abin da ya tabbatar da hakan.

Idan majinyaci ya rasu kafin a ɗauki komai, a zazzaɓi mai zubar jini tsinken goge cikin baki ya wadatar, kuma ba a yin fiɗar gawa. A sauran cututtukan, hukuma ce ke yanke ko za a yi fiɗar da inda za a yi ta, kuma ba a yi wa gawar allurar hana ruɓewa. A yi wa iyali bayani da ladabi game da abin da ya sa ba za a ba su gawar yadda aka saba ba.

Duk shara daga ɗakin a sa ta a leda biyu, a dafa ta a tukunyar tururi mai digiri 121 ko a ƙona ta a tanderun asibiti. A buɗe rajista mai sunan duk wanda ya shiga ɗakin ko ya taɓa samfur, har da mai shara da mai tura gado, da lokaci da irin kariyar da ya sa. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa ba tare da matsawa ba, wanda abu ya fantsama masa a ido ya wanke da ruwa mai yawa, kuma su kai rahoto a cikin sa'ar, domin maganin kariya na fileg da tularemiya da rigakafin agana duk suna aiki ne idan an ba da su a kwanakin farko. Wanda ya haɗu da jinin mai Ebola ko Marbug ko Lassa ana auna zafin jikinsa sau biyu a rana har kwana 21, wanda ya haɗu da fileg na huhu ba tare da kariya ba kuma ana ba shi magani na kwana bakwai ana lura da zazzaɓi da tari.